Daidai Zare, Daidai Kwarashi



'Yan'uwa masu karatu, mun san wani zai yi mamaki ya ga namiji, ɗan gidan malamai kuma, ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan saƙar kwarashi, sana'ar da kowa ya sani ta mata ce, ta cikin ɗaki da inuwar tsakar gida. To amma duk wanda ya tashi a New Bell ya san da wuya a shiga gida uku a jere ba a tarar da dunƙulen zare a cikin kwano ko a ƙarƙashin matashi ba. Farar hular da ke kan dattijo a sahun gaba, da 'yar safar da aka sa wa jariri ranar suna, da shimfiɗar da ake rufe farantin baƙo da ita, da yawansu daga wannan ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki suka fito. Kuɗin da yake kawowa kuwa ya sayi littattafan makaranta, ya cika zubin adashi, ya biya maganin zazzaɓi a daren da maigida ba shi da ko dala. Abin da ke ɗaukar irin wannan nauyi bai cancanci raini ba.

Maganar da muke tafe da ita guda ɗaya ce. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Kowane zare yana da kwarashin da ya dace da shi, kowane aiki kuma yana da zaren da ya dace da shi, kuma mafi yawan asarar da muke gani a wannan sana'a, ta kuɗi da ta lokaci da ta karyewar zuciya, daga saɓa wannan ma'auni take tasowa. Mace takan zargi hannunta, ko ta zargi mai kanti, ko ta ce ai ita Allah bai ba ta baiwar ba, alhali kuwa abin da ya raba ta da kyakkyawan aiki bai wuce rabin milimita ba.

Yadda ilmin ya zo mana

Da ƙafa da ido muka koyi abin da muka sani a wannan fage. A gidanmu, kamar sauran gidajen da mata ba su cika fita ba, yara maza su ne 'yan aike. Mu ake turawa Kasuwar Kongo, wani lokaci har Mboppi, da ɗan guntun zare ɗaure a yatsa domin a samo irinsa. Da muka shiga sakandare bakinmu ya buɗe da Faransanci, sai aka ƙara mana wani muƙami, muka zama masu karanta takardar da ke naɗe a jikin dunƙule. Inna takan yi kira ta ce, "Kai, Malam ƙarami, zo ka duba mini abin da Nasara ya rubuta a nan." Mu karanta, ita kuma ta murza zaren tsakanin yatsu biyu, sannan ta faɗi ko ta yarda da Nasara ko ba ta yarda ba. Sau da yawa yatsunta kan riga takardar faɗin gaskiya.

Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin sanin kaurin zare daɗaɗɗen ilmi ne a wurin matan Hausawa. Kakanninmu da fatauci ya gangaro da su kudu ta Yola da Ngaundere da Banyo sun fito ne daga garuruwan da mata ke kaɗi da mazari, suna bambanta abawa mai kauri da arafiya siririya ko da a cikin duhu. Baƙon abu shi ne ƙugiyar da lambobinta. Sunan ma ya tona asalinsa, don kwarashi daga kalmar crochet ya fito, wadda a Faransanci take nufin ƙaramar ƙugiya. Turawan kansu sai a farkon ƙarni na 19 suka fara buga tsarin wannan saƙa a mujallunsu, kuma a shekarun yunwar da ta faɗa wa ƙasar Ailan daga 1845, da saƙar leshi ta kwarashi gidaje da dama suka ci abinci. A nan New Bell kuwa, unguwar da Jamusawa suka shata gab da yaƙin duniya na farko lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, wadda daga baya ta zama masaukin baƙi, katanga ɗaya ce ta raba Bahaushiya da 'yar Bamileke da 'yar Basa, wani wurin ma langa-langa ne kawai. Sana'a kuwa ba ta neman izini kafin ta tsallaka katanga.

Lamba huɗu ta wace ƙasa?

Rikici na farko daga lamba yake farawa. A aiki yaro a ce, "Je ka sayo kwarashi lamba huɗu." Ya je ya dawo da abin da aka ba shi, a hau shi da faɗa, alhali shi bai yi laifi ba, mai kanti ma bai yi ba. Dalili kuwa, Duwala tashar jiragen ruwa ce, kaya na shigo mata daga kowace kusurwa, kowace ƙasa kuma da irin ƙidayarta. A lissafin Faransa da sauran ƙasashen da ke awo da mita, lamba 4 tana nufin kaurin milimita 4. A tsohon lissafin Ingila, wanda akan ci karo da shi a jikin tsofaffin kwarashi, lamba 4 milimita 6 ce, domin su ƙidayarsu a juye take: lamba na hawa, kauri na raguwa. A Amurka harafi suke haɗawa da lamba, E-4 nasu milimita 3.5 ne, H-8 kuma milimita 5. Irin na Japan da akan rubuta wa 4/0 milimita 2.5 ne. In kuwa siririn kwarashin baƙin ƙarfe ne na saƙar leshi, to lamba 4 ɗinsa ba ta wuce milimita 2 ba. Suna ɗaya, kauri iri biyar.

Yanzu da 'yan matanmu ke koyon saƙa ta wayar hannu, yau suna kallon malamar da ke Faransa, gobe ta Amurka, jibi ta Turkiyya, rikicin sai ya ƙara yawa. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a saki lamba a riƙe milimita, domin milimita ba ta canza ma'ana daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan rubutun jikin kwarashi ya goge saboda tsufa, sai a jera shi da wani da aka san kaurinsa, ko a zura shi a ɗan faifan awo mai ramuka da ake yi domin haka.

Sannan a lura, sandar ake aunawa, wato miƙaƙƙen wurin da ke tsakanin wuyan ƙugiya da inda babban yatsa ke dafawa. A kan wannan wuri ne zare ke zagayawa ya zama ido, abin da Faransawa ke kira maille, saboda haka kaurin sandar shi ke yanke girman kowane ido na saƙa. Wadda ta saba saƙa a kan wuya, inda ƙarfen ya tsuke, idanunta za su fito ƙanana ko da kwarashinta daidai ne, sai ta juyo sahu na biyu ta rasa inda za ta cusa shi.

Karatun takardar dunƙule

Iyayenmu mata sukan kira duk wani zare mai laushi ulu, amma mafi yawan abin da ke kasuwanninmu akirilik ne, zaren da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, wanda ya fara shiga kasuwannin duniya wajen 1950. Ulu na gaskiya, na gashin tumaki, kaɗan ne kuma da tsada. Na uku shi ne auduga, kuma a nan akwai abin tunani. Ƙasarmu Kamaru tana noma auduga a arewa, an kafa kamfanin CICAM a 1965, an kafa SODECOTON a 1974 da hedikwatarsa a Garwa, amma mafi yawan audugar ɗanya ake fitar da ita waje. Sai ta je wata ƙasa a kaɗa ta, a murza, a jiƙa ta a ruwan sinadari mai ƙarfi domin ta yi sheƙi ta kama rini, dabarar da wani Baturen Ingila, John Mercer, ya gano a 1844, sannan mu saye ta a dunƙule. Zaren DMC da tsofaffin masaƙanmu ke yabo daga birnin Mulhouse na Faransa ya fito, inda kamfanin ya samo asali tun 1746. Shi ya sa iyayenmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. Suna ba mu labarin yadda mata da dama suka koma sayen rigunan sanyi na gwanjo a Nkololoun, su warware su, su wanke zaren su shanya har ya miƙe, su sake saƙa shi. Wadda ta taɓa warware riga domin ta samu zare ba ta wasa da ko taƙi ɗaya nasa.

Takardar dunƙule, in akwai ta, abu huɗu take faɗa: nauyi a giram, tsawo a mita, hoton kwarashi da milimitar da aka ba da shawara, da ɗan murabba'i mai nuna ido nawa da sahu nawa za su cika santimita 10. Mafi amfani a ciki shi ne a haɗa nauyi da tsawo, domin in dunƙule biyu nauyinsu ɗaya, wanda ya fi tsawo shi ya fi siranta. Ga yadda abin yake bisa kimantawa, a dunƙule mai giram 50. Zaren kayan jarirai mai tsawon mita 170 zuwa 200 yana tafiya da kwarashi mai milimita 2.5 zuwa 3.5. Matsakaici, mai mita 110 zuwa 130, yana son 3.5 zuwa 4.5. Mai ɗan kauri, mai mita 80 zuwa 90, sai 5 zuwa 6. Wanda bai kai mita 60 ba kuwa, daga 6.5 ake farawa a yi sama. Auduga ta fi akirilik nauyi, don haka a kauri ɗaya za a ga mitocinta sun ɗan gaza. Zaren da ya biyo ta Amurka kuma yakan zo da hoton dunƙule mai lamba daga 0 zuwa 7, tsarin da ƙungiyar Craft Yarn Council ta fitar: 0 shi ne mafi siranta, 4 matsakaici, 7 mai kaurin igiya.

Zaren auduga mai sheƙi, na hula da leshi, nasa lissafin daban ne, kuma shi ma a juye yake: lamba 10 ta fi lamba 20 kauri, lamba 20 ta fi lamba 30. Lamba 10, wadda aka fi yin hular maza da ita, tana tafiya da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 zuwa 1.75. Lamba 20 da 30 kuwa sai a sauko zuwa 1.25 ko 1.

To, ina ga zaren da ba shi da takarda, kamar na gwanjo ko wanda ake sayarwa a kwance? A nan ake komawa ga ilmin yatsu. A ninka zaren biyu a jera shi da sandar kwarashi. In faɗin ninkin ya yi daidai da kaurin sandar, an kusa. Sannan a duba yadda zare ɗaya ke zama a cikin wuyan ƙugiya: ya kamata ya kwanta ya cika wurin, kada ya tumbatsa, kada kuma ya yi ta yawo. Domin sanin asalinsa, a yanki ɗan guntu a kusanta shi da ashana a kan kwanon ruwa. Auduga takan ci da warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi. Ulu yakan yi ƙaurin gashi ya bar baƙin abu mai murƙushewa. Akirilik kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri.

Aikin da garin da za a sa shi

Abin da takarda ta faɗa shawara ce, domin wanda ya rubuta ta bai san abin da za a saƙa ba, bai kuma san garin da za a sa shi ba. Ƙa'idar ita ce: abin da ake so ya tsaya da kansa, a rage kwarashi da rabin milimita ko ɗaya daga abin da aka rubuta, abin da ake so ya zuba ya bi jiki, a ƙara. Hula da jaka da takalmin jariri tsayuwa ake so su yi. Jakar da aka saƙa da sakakken ido, ranar farko da aka zuba mata littattafan islamiyya za ta miƙe ta kai gwiwa. Gyale da mayafi da bargo kuwa laushi ake nema gare su, in aka matse su sai su fito kamar tabarma.

Saƙar da kanta tana faɗin ƙorafinta ga mai saurare. In kwarashi ya yi wa zare ƙanƙanta, bakinsa zai riƙa tsaga zaren yana kamo rabi yana barin rabi, aikin ya yi tauri yana nannaɗewa, kafin la'asar wuyan hannu ya ɗauki ciwo. In ya yi masa girma, idanu za su buɗe kamar taru, gefe ya karkace, fasalin zanen ya ɓace.

Sai kuma maganar yanayi, wadda muke ganin an fi sakaci da ita. Duwala gari ne na zafi da laima, ruwan da ke sauka a cikinta ya haura milimita 3,500 a shekara, kuma a Yuli da Agusta akan yi kwanaki ba a ga rana sosai ba. Tsare-tsaren saƙa da muke kwaikwaya kuwa, yawancinsu domin sanyin Turai aka yi su. Kasancewar gidanmu gidan liman ne, mun halarci raɗin suna ba adadi, kuma mun sha ganin jariri ɗan kwana bakwai an naɗe shi cikin hula da riga da safa da bargo na akirilik mai kauri, a ɗakin da manya ke fifita, wuyansa duk ƙurajen zafi. Haƙiƙa jariri yana buƙatar ɗumi, balle bakwaini, amma akirilik ba ya shan gumi kamar auduga. Abin da ya dace da jaririn Duwala shi ne siririn zaren auduga, ko wanda aka gauraya da auduga, da kwarashi mai milimita 2.5 ko 3, ido ƙanana daidai yadda iska za ta ratsa amma ɗan yatsa ba zai maƙale ba. Auduga mai kauri da aka matse kuwa, in aka wanke ta da damina sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, ta fara fumfuna.

Wannan zare mai kauri da bai dace da nan ba, shi ne abin nema ga 'yan'uwanmu na arewa. Ngaundere tana bisa tudu da ya haura mita 1,000, kuma wanda ya taɓa fita sallar asuba a can, ko a Marwa cikin hunturun Disamba da Janairu, ya san amfanin rigar sanyi da aka saƙa da kwarashi mai milimita 5 ko 6. Hannu ɗaya ne zai saƙa wa jikan Duwala da jikan Ngaundere, amma zaren da kwarashin dole su bambanta. Haka nan abin sauke tukunya da abin da ake ɗora butar shayi a kai: auduga kaɗai, a matse, a ninka biyu. Akirilik in ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Duk wannan lissafi yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, domin akwai abu na uku bayan zare da kwarashi, wato hannu. Yayarmu da ƙanwarmu uwa ɗaya ta koya musu, amma in aka ba su dunƙule ɗaya da kwarashi ɗaya, aikin babbar yakan fito a tsuke, na ƙaramar a sake. Mutum ɗaya ma, saƙarsa ta ranar ɓacin rai daban take da ta ranar farin ciki. Saboda haka babu makawa sai an yi gwaji: a saƙa ɗan murabba'i da ya ɗan wuce santimita 10 kowane gefe, a wanke shi yadda za a riƙa wanke kayan, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa, a ɗora tef ɗin tela a tsakiya a ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. In sun fi abin da ake nema yawa, hannun ya matse, a ƙara girman kwarashi. In sun gaza, a rage.

Mata da yawa suna ganin wannan ɓata zare ne da lokaci. To bari mu yi lissafin a kan hula. Kan babban mutum yakan kai santimita 56 zuwa 58 a zagaye, kuma tun da saƙa tana miƙewa, akan rage kamar santimita 2 domin hular ta kama kai. A ce ana son santimita 55, tsarin da ake bi kuma ya ce ido 20 ke cika santimita 10. Ke nan ido 110 ake buƙata a zagaye. Idan hannun mai saƙa ya ba da ido 18 maimakon 20, waɗannan ido 110 za su ba da santimita 61, hular da za ta rufe wa mai ita gira, ta faɗi a ruku'u. Idan ya ba da 22, santimita 50 za a samu, sai dai a ba yaro. Bambancin ido biyu, wanda sau da yawa rabin milimita ke kawowa ko ya gyara, shi ya mai da aikin kwanaki abin warwarewa. Gwajin kuwa bai fi aikin rabin sa'a ba.

Akwai kuma ɗan lissafin da muka kawo wa Inna tsaraba daga aji, ta karɓe shi hannu bibbiyu bayan ta gwada ta ga ya yi daidai da abin da ta saba aunawa da tafin hannu. Hula daga tsakiyar kai ake fara ta, a yi ta ƙara ido har faifan ya kai faɗin da ake so, sannan a daina ƙari a gangaro. Faɗin faifan shi ne zagayen da ake nema a raba da 3.14. Hula mai santimita 55 faifanta 17.5 ne. Ta sabon jariri, wanda kansa yake wajen santimita 34 ko 35, faifanta bai wuce 11 ba.

Mudun mai saƙa

Akwai wata dabara da ba za mu wuce ba mu ambata ba, ko da za ta yi ɗaci. Kowace mai saƙa ta san cewa in ta ɗauki kwarashin da ya fi ƙa'ida girma, ido zai ragu, zare zai yi saura, aikin kwana huɗu ya ƙare a kwana uku. A hannun mai talla, hular za ta yi kyau kamar kowace. Sai an wanke ta sau biyu ko uku za ta saki jiki ta zama tsumma. Malam, mahaifinmu, yakan ce mudu ba a kasuwar hatsi kaɗai yake ba, kowane mai sana'a da nasa mudun a hannunsa. Mudun mai saƙa shi ne kwarashinta, kuma tauye shi ba ya bayyana sai bayan an rabu da mai saye.

Amma adalci ya sa mu juyo ga masu saye, waɗanda yawancinsu mu ne maza. Har yau saƙar kwarashi ta ainihi aikin hannu ce; abin da injuna ke fitarwa mai kama da ita wata saƙa ce daban. Hula guda ta zare lamba 10 dubban idanu ce, kowanne sai da yatsu suka ja shi. Wanda ya tsaya yana taya ta da kuɗin hular inji da ake zubarwa a tire a ƙofar masallaci ranar Juma'a, shi ne ke tura mai ita ga babban kwarashi. Araha ba ta ado. Abin da 'yar unguwa ta fi kamfani da shi shi ne tana iya auna kan mutum ta yi masa daidai shi, aikin kuma ya shekara yana nan. In ta saki wannan, ba ta da sauran abin da za ta yi gasa da shi. In mu kuma muka ƙi biyan haƙƙinsa, mu muka kashe sana'ar da hannunmu.

Mai farawa da mai tsufa

A makarantar allo, ba a ba ɗan farawa alƙalamin da mai rubuta Alƙur'ani a takarda yake aiki da shi. Akan fiƙe masa mai faɗin baki, a yi masa manyan baƙaƙe a allo, domin idonsa ya ga inda harafi ya fara da inda ya ƙare. Sai hannu ya faɗa sannan a siranta bakin alƙalami. Abin mamaki, a wajen saƙa sai mu yi akasin haka. Yarinya ta nuna sha'awa, a miƙa mata ragowar baƙin zare siriri da tsohon kwarashin leshi, don kada ta ɓata mai kyau. Ta yi ta fama ba ta ganin ido, ƙarfen yana sukar yatsarta, bayan kwana uku ta ajiye ta ce ba ta da hannu. Mun san 'yan mata da dama da suka bar sana'ar a kan haka, alhali kayan aikin ne ba su dace da su ba. Mai koyo a ba ta kwarashi mai milimita 4 ko 5, da matsakaicin zare mai santsi, mai hasken launi, wanda ba ya tsagewa. Cikin mako guda za a ga bambanci.

Haka abin yake a ɗaya ƙarshen rayuwa. Gwaggonmu ta shekara da shekaru tana saƙa hulunan maza da kwarashi mai milimita 1.5, har ana ba da saƙo daga wasu unguwanni. Da ido ya fara rauni, yatsu suka fara ƙagewa, sai ta tattara kayanta ta ƙulle a tsumma ta ce zamaninta ya wuce. Ta yi watanni tana zaune hannu sake, kuma duk gidan mun ga yadda zaman ya rage mata walwala. Wata rana ƙanwarmu ta kawo mata kwarashi mai milimita 6 mai kaurin mariƙi, da farin zare mai kauri, ta ce, "Gwaggo, a taimaka mini da bargon goyo, ni hannuna ba ya sauri." Gwaggo ta juya shi ta ce wannan ai muciya ce. Amma ta karɓa. Yau jikokinta na arewa kowanne da bargon da ta saƙa masa, kuma sahunta yana nan a miƙe kamar da. Ilmin bai tafi ko'ina ba, ma'aunin ne ya canza.

Daga ƙarshe, kira gare mu magidanta da samarin da ake aike. In aka ba mu saƙon zare, kada mu fita sai mun tambayi abu uku: me za a saƙa, milimita nawa ne kwarashin, dunƙule nawa ake buƙata. Mu tafi da guntun zaren a hannu, mu sayi duk abin da aikin zai ci a lokaci guda, mu duba lambar rini da ke jikin takarda ta zama ɗaya, don launi ɗaya daga tukunyar rini biyu yakan saɓa. Wanda kuma Allah Ya hore masa, ya saya wa iyalinsa jerin kwarashi daga milimita 2 zuwa 6, da na ƙarfe biyu ko uku na leshi. Kuɗinsu bai kai na zaren da ake asara a shekara guda saboda rashinsu ba, kuma kyauta ce da ke nuna cewa an san darajar abin da hannun mai ɗaki yake yi.

Allah Ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu da matanmu da 'ya'yanmu, Ya ba mu ikon cika ma'auni a duk abin da muka sa hannu, Ya jiƙan waɗanda suka koya mana suka riga mu gidan gaskiya. Amin.

Wassalamu alaikum.